Jinkar Ɗakin Kaka

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga ɗakin Kaka yau, duk da Umma ta hana. Ƙofar ta kumbura, sai da na sa kafaɗa.

Ina zaune a kan gadon ƙasa da ke jikin bango. Rana tana saukowa ta ramin jinka tana kwanciya daidai kan gwiwata, ramin kuwa ya kai faɗin tabarma. Da a littafi ne, nan budurwa za ta zauna haske yana zubo mata, wani ya turo ƙofa ya tsaya ya rasa abin faɗa. Ni akuya ce ta turo. Ta dube ni, ta koma.

Tun da muka baro birni muka dawo gidan Baffa, yayan Baba, nan ne kaɗai wurin da ba a tambayata me ya sa ba na magana. Ɗakin yana bayan gida, kuma ya girmi duk wani gini a garin nan. An ce kakan kakanmu ne ya gina shi lokacin da babu kowa a nan sai shi da rijiyarsa. A ciki aka haifi Baffa da Gwaggo da Baba. Tun da Kaka ta rasu ba wanda ya sake kwana. Akwai zanen yatsu a jikin yaɓen bango, akwai ɗan gurbin fitila da hayaƙi ya baƙanta. Na sa tafin hannuna a kan zanen, yatsun mai shi sun fi nawa tsawo.

Tagar ɗakin da aka ba Baba tana kallon nan. Labulen a sake yake.

Lahadi, bayan abincin rana

Baffa ya ce za a rushe shi.

Bai faɗa da mugunta ba, yana wanke hannu ne. Ya ce damina biyu ke nan ruwa yana shiga, gindin bangon gabas ya fara zagwanyewa, kuma yara suna wasa a wurin. Idan ruwan bana ya same shi a buɗe, ba ma sai an sa diga ba, da kansa zai kwanta, wataƙila a kan ɗan wani.

Gwaggo ta ajiye cokali. Ita ce ta tsakiya a cikinsu, mijinta ya rasu, ba ta tsoron kowa.

"Yaya, ɗakin da aka yanke maka cibiya?"

"An yanke an gama. Cibiyar tana nan a jikina, in kina son gani."

"Allah ya raba ni da gani. A rufe shi mana."

"Wa zai rufe? Ke?"

"Ni da Hajiya Shiru." Ni take nufi. Na sunkuyar da kai cikin kwano.

Baffa ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce to, ya ba mu zuwa ruwan farko. In ruwa ya sauka jinka tana kansa, ya bar shi. In ya sauka a buɗe, washegari zai kira masu diga, kada wanda ya yi masa kuka.

Duk wannan a tsakar gida aka yi, da ƙarfi. Na san an ji daga ciki.

Litinin, da safe

Baba bai fito ba. Umma ta dawo da shayin ya huce.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta yi ta kiran ofishin masu kula da tsofaffin gine-gine har suka gaji da ita, yau suka turo mutum.

Ina shanya ya shigo. Dogo ne, da kyamara rataye a wuya, hannun rigarsa a naɗe zuwa gwiwar hannu. Na ga irinsa sau da yawa, amma a takarda. Ya zagaye ɗakin yana taɓa bango a hankali kamar mai duba mara lafiya. Ya ce irin wannan ginin ya kusa ƙarewa, abin tausayi ne a rasa shi. Ya durƙusa ya ɗauki hoton zanen yatsun.

Sai ya juyo ya ce, "'Yan mata, ke ce mai tsaron wurin?"

Ina da amsa. Wallahi ina da ita, mai kyau, wadda za ta sa ya tsaya ya sake kallona. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Akuya tana shiga."

Ya ce, "Af, to."

Na shige bayan shanya na tsaya a can har ya tafi. Ya gaya wa Gwaggo zai kai maganar gaba, zai dawo. Gwaggo ta ce gaba tana da nisa, hadari kuma ba ya jiran sa hannu.

Akuya tana shiga. Ni kam.

Alhamis, kafin kowa ya tashi shan shayi

Na tsara yadda za a yi. Zai dawo da mota cike da ma'aikata ana saura ƙiris ruwa ya sauko, iska tana kaɗa mayafina. A wannan karon ni zan fara magana.

Asabar, da yamma

Mun yini neman mai baibaya, wato mai rufin ciyawa. Ni da Gwaggo, a ƙafa.

Wanda kowa ya sani ya rasu bara. 'Ya'yansa walda suke yi, suka ce in kwano muke so ko gobe. Wani tsoho aka kwatanta mana a ƙarshen gari, muka same shi a kan kujera, gwiwoyinsa sun kumbura kamar tulu. Ya ce ko gado da ƙyar yake hawa, balle jinka. Ya tambayi Gwaggo 'yar gidan wa ce, ta faɗa.

Sai ya ce, "To me ya kawo ku nan? Ai wanda ya rage da ya iya yana cikin gidanku. Ƙaninki. Mahaifinku ya koya masa, kuma hannunsa ya fi na uban. Kafin ya kama tuƙi, duk jinkar da ke layin nan shi ne."

Ban taɓa sani ba. Ni Baban da na sani mai warin man mota ne, mai dawowa da lemo a aljihu.

Tsohon ya rage murya ya ce, "Ya jikin nasa? Mun ji abin da ya faru. Allah ya kiyaye gaba."

Gwaggo ta ce da sauƙi. Kullum haka muke cewa. Kuma ba ƙarya ba ne, likita ya ce hannunsa da ya ji rauni a haɗarin mota ya warke sarai.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Gwaggo ta tsaya a ƙofar Baba. Ba ta shiga ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, ɗakin Inna ne. Ba cewa na yi ka hau ba. Faɗa mana kawai za ka yi."

Na ƙirga numfashina ina jira, na ɓace a lissafi.

Ta juyo fuskarta a bushe ta ce mini, "Ɗauko lauje."

Baba bai fito ba.

Talata, bayan la'asar

Hannuwana sun yi bororo, rubutun ma da ƙyar.

Ciyawar rufi ta yi wuya a wannan lokacin, duk an yanke ko an ƙone. Wani manomi a bakin rafi yana da damman da ya ajiye ya fasa aiki da su, ya ce mu kwashe, shi ma a ɗakin Kaka aka taɓa ba shi magani yana yaro. Mun yi ta jigila a baro. Sau biyu ya kife da ni.

Yanzu muna yanta. Gwaggo ta iya wannan, ta ce tun suna yara aikin mata da yara ne a gidansu. Ana shimfiɗa ciyawa a ƙasa a jere, a riƙa ɗibar kaɗan kaɗan ana sarƙe ta da igiya biyu, har ta zama doguwar shimfiɗa da za a naɗe kamar tabarma. Tawa ta farko da aka ɗaga ta zube gaba ɗaya. Gwaggo ta ce ko kaza ba za ta yarda ta kwana ƙarƙashinta ba.

Umma ta fito ta zauna tare da mu. Ta ja igiya ta fara. Rabon da in ga Umma zaune ba tana kallon ƙofar ɗaki ba, na manta. Matan maƙwabta biyu ma sun zo, ɗaya da jariri a baya. Suna ta ba da labarin Kaka, yadda take korar miji da muciya in ya shigo mata da takalmi. Umma ta yi dariya. Ta yi saurin rufe baki kamar ta yi laifi, amma ta yi.

Gwaggo ce ta zaɓi wurin da za mu zauna. Ga inuwar bishiya can, amma ta ce a'a, nan ƙarƙashin tagar Baba ya fi iska. Babu wata iska.

Mai kyamara bai dawo ba. Ina wanke fuska kafin la'asar dai, ko da.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Mun yi baƙuwa.

Na gane ta tun daga ƙofa, domin idanunsu iri ɗaya. Mahaifiyar yaron motar Baba ce, wanda ya rasu a haɗarin. Shi ne wanda yake ce mini "Malama" yana ɓoye mini littafi a ƙarƙashin kujerar gaba don kada Umma ta gani. Ba zan rubuta sunansa ba.

Ta yi tafiyar rabin yini. Umma ta shimfiɗa mata tabarma. Matar ta sha ruwa, ta ce ba zama ta zo yi ba. Ta tashi ta je ƙofar Baba ta tsaya inda Gwaggo ta tsaya.

Ta ce, "Direba, ni ce. An ce ba ka fita. Na zo in gaya maka da bakina, ban riƙe ka da komai ba. Kullum in ya dawo gida labarinka yake yi. Ka ci abinci."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na ji wani sauti daga ciki, ba magana ba ce. Na gudu ɗakin Kaka na zauna a ƙarƙashin ramin har aka raka ta.

A littattafai in mutum ya yi kuka ana samun wanda zai miƙo masa hankici. Na share da gefen mayafi.

Asabar

Ba abin rubutawa. Kwanon Baba ya dawo babu komai a ciki. Ban sani ba ko wannan abin rubutawa ne.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani sannan iska ta watsa shi. Kowa ya fito yana murna ana cewa saura ƙiris. Ni ramin jinka nake kallo.

Baffa ya zo da mutum biyu suka zagaye ɗakin suna nuna inda za su fara. Ɗayan ya bugi bango da ƙafa. Na ji kamar ni ya shura. Maimakon in ce masa ya bari, sai na tsaya tsakaninsa da bangon ina riƙe da damin ciyawa kamar wata sakarya. Ya kewaye ni.

Amma da yamma sai ga Baffa da sanduna sababbi a kafaɗa. Ya zube su ya ce gara ta cinye na saman, in Gwaggo ta taka za ta faɗo ta fasa masa ƙasa. Shi da ɗan maƙwabci suka canja ruɓaɓɓun suka ɗaure. Yana yi yana mita. Gwaggo ta ce, "Yaya, ashe kana da zuciya." Ya ce, "Ina da ita, ina kuma da diga."

Na rasa gane manya.

Laraba, da yamma

Mai kyamara ya dawo.

Da mota, kamar yadda na tsara. Iska ma tana kaɗawa. Sai dai ba ma'aikata a ciki. Matarsa ce a gaba da jariri mai kumatu, za su wuce gidan surukai ya ce bari ya biyo. Tana da kirki, abin haushin ke nan. Ta ce mini, "Ke ce mai akuya? Ya ba ni labari."

Ya ba ta labari.

Ya ce ofis sun yarda ɗakin yana da muhimmanci, za a sa shi a tsarin baɗi. Ya ji kunyar faɗa, na gani a fuskarsa. Ya buɗe bayan mota ya fito da tamfol, nasa ne na kansa, ya ce a rufa wa bangon gabas kafin a gama. Gwaggo ta yi godiya da gaske.

Na riƙe jaririn ya yi mini tumbuɗi a kafaɗa. Na ɗauka zan yi baƙin ciki sosai, na ma shirya. Na shiga ɗakin Kaka don in yi, sai na tarar yunwa nake ji.

Ba wanda zai zo da mota ya rufe ɗakin nan. Gara da na sani.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Yau za mu hau. Gwaggo ta sa wandon marigayi mijinta a ƙarƙashin zani. Ta ce duk wanda ya yi dariya shi zai riƙe tsani.

Asabar, bayan azahar



Mun yaye tsohuwar ciyawa tun da sanyin safiya, ƙura da kashin jemage suka zubo mana. Sannan Gwaggo ta hau can ƙololuwa, ni ina tsakiyar tsani ina miƙa mata naɗin yanta, Umma tana ƙasa. Gwaggo ta ce daga sama za mu fara, tunda a can ramin yake, mu riƙa saukowa. Ni na ga daidai ne. Ta ɗaura layin farko a ƙoli, na biyu a ƙasansa ya hau kan gefen na farko, haka haka.

Tana yi tana magana da ƙarfi kamar mai talla. "Kai, ya yi kyau. Hajiya Shiru, kin ga yadda ake yi? Daga sama zuwa ƙasa. Ashe abin ba wuya."

Baffa ya zo wucewa ya tsaya. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Gwaggo ta zuba masa ido daga can sama. Ya rufe bakin, ya sosa ƙeya, ya ce yana da aiki a gona.

Muna layi na huɗu na ga labule ya motsa. Ya koma. Ya sake motsawa.

Sai muka ji ƙarar sakata.

Baba ne. Ya rame. Rigar ta yi masa yawa, hasken rana ya sa ya kare ido da hannu. Ya tako a hankali ba takalmi har gindin tsani. Ya daɗe yana kallon sama. Muryarsa da ta fito a dishe take.

"Wa ya ce ku fara daga sama?"

Gwaggo ta ce, "To daga ina ake farawa?"

"Ruwa daga ina yake gangarowa? Kin sa bakin kowane layi yana kallon sama. Duk ɗigon da ya sauka ciki zai shige. Wannan ba jinka ba ce, mazurari ne."

"Mu dai haka muka iya."

"A kwance shi. Duka. Daga ƙasa ake farawa, na sama ya rufe na ƙasa." Ya juyo gare ni. "Uwata, sauko da wannan naɗin."

Sunan Kaka gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Rabon da in ji tun kafin mu baro birni. Na sauko, ban san yadda ƙafafuna suka sami matakan ba. Umma ta juya baya tana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Bai hau ba. Ya zauna a kan turmi yana nunawa da kara. Ya ce yantata ta yi sako-sako. Ya ce ƙullin Gwaggo na ɗaure akuya ne. Bai taɓa yi mana faɗa mai daɗin wannan ba.

Lahadi, da hantsi

Ina tsefe wa Gwaggo kai na tambaye ta. Na ce ita da ta tashi a gidan mai baibaya, ta yi yanta tun tana yarinya, yaya aka yi ba ta san daga ƙasa ake farawa ba?

Ta ce, "Tsufa ne. Mantuwa."

Na ce, "Baffa ma mantuwa ya yi?"

Ta ce, "Ke, ashe kina da baki? Ja a hankali, kan nawa ba ciyawa ba ne."

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Ubanki tun yana yaro za ka iya zaginsa ya yi shiru, za ka iya roƙonsa ya yi shiru. Amma ya ga ana ɓata aiki a gabansa, wannan ba zai iya ba."

Talata, ƙarfe biyar

Mun wuce rabi. Baba yana fitowa tun safe. Jiya ya karɓi igiya ya nuna mini ƙulli da hannunsa, hannun nan da ya ji rauni. Ya yi aiki lafiya lau.

Ba kullum ba ne daidai. Yau da rana ya yi shiru a tsakiyar magana, ya tashi ya shige, bai dawo ba sai la'asar. Makullin motar yana nan a ƙusa inda Umma ta rataye shi, ba mai taɓawa.

An yi yayyafi kaɗan, ƙasa ta yi ƙamshi. Mun ja tamfol da gudu. Baffa ya ce wannan ba ruwa ba ne, ba ya cikin lissafi. Shi ya faɗa da kansa, ba wanda ya tambaye shi.

Alhamis, kafin magariba

Saura ƙololuwa, inda duk layukan suke haɗuwa a tattare su a ɗaure. Baba ya ce in aka kuskure nan, duk sauran aikin banza ne. Ya yi wa Gwaggo bayani sau uku, ta ce ba ta gane ba. Wannan karon ina jin da gaske take.

Gabas ta yi baƙi tun azahar. Iska ta fara ɗaga ganye.

Baba ya cire hula ya ba Umma. Ya kama tsani. Ya ce in biyo shi da igiya.

Mun kai sama, yana durƙushe a kan sanda ya tattaro bakin ciyawar, sai wata babbar mota ta wuce a titi ta danna hon mai tsawo.

Ya sandare. Hannuwansa suna kan ciyawa amma ba ya nan. Idonsa a buɗe, ba abin da yake kallo. Ƙasa kuma tana da nisa. Daga can na ji Umma ta ambaci sunan Allah a hankali.

Ban san me ake faɗa ba. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, akwai wani littafi da nake karantawa."

Bai motsa ba. Na ci gaba. Na ce wata yarinya ce mai sayar da turare a shagon yayarta, wani likita yake zuwa kullum yana sayen kwalba ɗaya, ashe ba ya ma jin ƙamshi, hancinsa ya mutu tun yana yaro. Ya tara kwalabe cike da ɗaki. Ita kuma ta ɗauka wata yake saya wa, ta yi fushi ta daina yi masa magana. Na ba shi labarin uwar likitan, da ƙawar da ta ci amana, da ruwan da ya tare su a tasha. Ina magana iska tana cika mini baki da ƙaiƙayi. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba a rayuwata, kuma a kan jinka, kuma labarin soyayya, kuma ga Baba.

Can ya ja numfashi. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To ya aure ta?"

Na ce ban kai ƙarshe ba.

Ya ce, "Mutum ya sayi turare har cikin ɗaki bai iya buɗe baki ba. Wannan likita ne ko dangin Hajiya Shiru? Miƙo igiyar."

Ya naɗa, ya ja, ya sake naɗawa, ya sa gwiwa ya danne ya ƙulle. Ya bubbuga ƙololuwar da tafin hannu kamar yadda yake bubbuga motarsa in sun iso gida lafiya.

Da muka sauko Baffa yana riƙe da tsani. Ya miƙa wa Baba takalmi.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa ya sauko, na gaske, kamar da bakin ƙwarya.

Duk muna cikin ɗakin Kaka. Ba wanda ya shirya haka, kowa dai ya tsinci kansa a nan. Umma ta kawo shayi a rufe da faranti. Baffa ya zauna a bakin gado yana cewa shi dama ya san za a gama, Gwaggo ta ce ya je ya ba masu digarsa haƙuri. Akuyar ma ta zo, an bar ta a bakin ƙofa.

Ruwa a kan ciyawa ba ya ƙara irin ta kwano. Wani shuu ne mai laushi, kana jin maganar na kusa da kai. Ɗakin yana ƙamshin sabuwar ciyawa da tsohon hayaƙi. Baffa ya nuna mini zanen yatsun ya ce na Kaka ne, ranar da aka sake yaɓe tana amarya. Na ɗauka sun fi haka tsufa. Ban damu ba.

Baba bai zauna ba. Yana zagayawa da fitila a hannu, kansa a sama, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe littafina don in ga ko likitan ya yi magana. Sai ɗigo ya faɗo a tsakiyar shafi. Na ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa.

Na yi sauri zan rufe kada Baffa ya gani, amma Baba ya riga ya gani. Ya zo ya tsaya a kaina ya haska wurin. Layin da na ɗaura ne ni kaɗai, ranar da ya shige ciki. Kowa ya juya yana kallon Baffa.

Baffa ya kurɓi shayi ya ce shi bai ga komai ba, idonsa ba ya gani sosai in ana ruwa.

Baba ya tura kwano da ƙafa zuwa ƙarƙashin ɗigon. Ya ce, "Ƙulli ɗaya ne ya saki. Gobe in rana ta fito mu hau, ni da ke. Jibi kuma a fara yaɓen bangon gabas, kafin wani ruwan."

Gobe, in ji Baba. Har da jibi.

Ya zauna kusa da ni a kan gadon ƙasa, ya leƙa shafin da ya jiƙe.

"Uwata, karanta mana. A ina muka tsaya, a tasha?"